Motar lantarki ta hannu: a tambayi shekarar batir kafin a biya kuɗi



Kwanakin baya wani Alhaji mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Maraɗi ya tare ni bayan na fito daga shirin safe, ya miƙo mani wayarsa ya ce: "Malam, don Allah duba mani wannan." Hoton mota ce fara tas, kujeru ba ko datti, wani dillali ne ya turo masa daga Lome ta WhatsApp. Nissan Leaf ce ta shekarar 2012, mai aiki da wutar lantarki zalla, kuma kuɗin da aka sa mata bai kai na Corolla sa'arta ba. Dillalin ya ce ba ta shan mai, ba ta buƙatar juyen mai, a jona ta da dare kamar waya, da safe a tafi kasuwa. Alhaji har ya fara lissafin jikunan da zai riƙa ajiyewa kowane wata. Na tambaye shi layi nawa suka rage a ma'aunin lafiyar batir ɗinta. Ya ce shi bai ma san akwai irin wannan ma'auni ba.

Tun daga ranar, masu saurare da dama, maza da mata, sun yi mani irin wannan tambaya. Shi ya sa na ga ya dace mu yi sharhi a kai tun kuɗin mutane ba su fara tafiya ba. Maganar a taƙaice ita ce: wanda ya sayi motar lantarki ta hannu, batir ya saya. Batir ɗin nan yana tsufa, kuma saurin tsufansa ya danganta da shekarar da aka ƙera motar da irin zafin da ta sha. Mu kuwa a ƙasar zafi muke.

Me ya sa maganar ta taso yanzu?

Dalili na farko shi ne mai. Ranar 29 ga watan Mayu 2023 shugaban Najeriya Bola Tinubu ya janye tallafin mai, sai man ruwa-ruwa da muka saba saye a kwalabe a bakin hanya, daga Ƙonni zuwa Magarya, ya daina araha. A watan Yuli 2024 gwamnatinmu ta sauko da kuɗin litar esansi zuwa sefa 499, wato dala ɗari ba tamma guda. Amma a watan Maris 2025 kowa ya ga dogayen layuka a gidajen mai na Yamai da sauran birane, duk da matatar Soraz da ke kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 don tace ganga 20,000 a rana. Wanda ya wuni a layi shagonsa na rufe, in aka ce masa ga motar da ba ta shan mai, dole ya saurara.

Dalili na biyu daga waje yake. A shekarar 2024 an sayar da sabbin motocin lantarki fiye da miliyan 17 a duniya, in an haɗa da masu amfani da caji da mai tare, wato sama da mota ɗaya cikin kowace biyar, mafi yawansu a ƙasar Sin. Mun kuma san inda mota ke zuwa in ta tsufa a hannun masu ita. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da motocin hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Hanyar da ta kawo mana ƴar Kwatano ita ce za ta kawo mana ta lantarki. Wadda za ta fara isowa da araha kuwa ita ce wadda batir ɗinta ya fi gajiya, domin ita ce ba mai so a can.

Yadda batir ke tsufa

Iyayenmu mata masu awon hatsi sun san tiyar da aka buga wa gindi ya lotsa ciki. In an cika ta, ido zai ga ta cika har da tozo, amma hatsin da ke ciki bai kai tiya ba. Haka tsohon batir yake. Za a jona shi ya nuna ya cika ɗari bisa ɗari, amma ɗarin ta yau ba ta kai ɗarin ranar da ya fito daga kamfani ba. Duk mai tsohuwar waya ya san wannan: da can tana kwana biyu, yanzu kafin la'asar ta mutu.

Ana auna girman batir ɗin mota da kilowat, irin wanda Nigelec ke rubutawa a takardar kuɗin wuta. Abubuwa huɗu ne ke rage wannan girma: yawan shekaru ko da motar na ajiye, zafi, yawan cajin gaggawa a manyan tashoshin caji, da barin batir cike maƙil ko ƙarƙaf na tsawon kwanaki. Zafi na ɓarna sosai, kuma abin da ya ci ba ya dawowa.

Wani kamfanin ƙasar Kanada mai suna Geotab, wanda ke bin diddigin motocin ma'aikatu, ya duba motocin lantarki sama da 6,000 a 2019, ya samu batir na raguwa da kashi 2.3 cikin 100 a shekara in an yi raba-daidai. A binciken da ya sake yi a 2024 ya samu kashi 1.8. Amma abin da ya fi shafar mu shi ne bambancin da ya gani tsakanin motoci biyu ƴan shekara ɗaya, wato 2015: Tesla Model S, wadda ake sanyaya batir ɗinta da ruwa mai zagayawa cikin bututu, tana rasa kashi 2.3 a shekara, ita kuwa Nissan Leaf, wadda iskar gari kawai ke sanyaya nata, tana rasa kashi 4.2. A shekara goma, ta farko tana da wajen kashi 80 na ƙarfinta, ta biyu wajen kashi 60.

Nissan Leaf, shekara bayan shekara

Mu tsaya kan Leaf, domin tana cikin tsofaffin motocin lantarki da suka fi yawa a kasuwar hannu, kuma ita aka turo wa Alhaji.

An fara sayar da ita a watan Disamba 2010 a Japan da Amurka, da batir mai kilowat 24. Tana sabuwa, hukumar Amurka ta auna mata tafiyar kilomita 117 a caji ɗaya. A 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, inda zafi ke wuce 40 a ma'auni kamar namu na watan Afrilu da Mayu, suka fara kuka cewa batir ya ragu sosai cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Magana ta kai kotu. Daga baya Nissan ya ba da garanti na shekara 5 ko kimanin kilomita 96,000: in layukan lafiyar batir suka sauko ƙasa da 9 cikin 12, kamfani zai gyara ko ya canza. Wannan garanti ya daɗe da ƙarewa ga motocin 2011 zuwa 2014, kuma su ne mafi rauni a gaban zafi.

A motocin 2015 kamfanin ya sauya haɗin batir ɗin don ya ƙara jure zafi, amma girman yana nan kilowat 24, kuma ba a sa masa abin sanyaya ba. A 2016 aka fito da mai kilowat 30, mai tafiyar kilomita 172. Shi ma an yi ƙorafi a kansa, har a 2018 kamfanin ya ce kwamfutar motar ce ke lissafi ba daidai ba, ya fitar da gyara. Mai sayen ta 2016 ko 2017 sai ya tambaya ko an yi mata wannan gyara.

A 2018 aka sauya siffar motar gaba ɗaya, batir ya koma kilowat 40, tafiya kilomita 243. A 2019 aka ƙara mai kilowat 62, mai kilomita 364. Waɗannan sun fi na baya ƙarko, kuma daga mai kilowat 30 zuwa sama garantin shekara 8 ne ko kilomita 160,000. Sai dai su ma iskar gari ke sanyaya su, shi ya sa direbobi a Turai suka gano cewa in an yi doguwar tafiya ana cajin gaggawa a jere, batir kan yi zafi, motar ta rage saurin karɓar wuta. Sai a sabuwar Leaf da aka fito da ita a 2025 kamfanin ya koma sanyaya batir da ruwa.

To mu koma kan motar Alhaji. Leaf tana da ma'auni biyu a gaban direba: ɗaya na cajin yau, ɗaya siriri mai layi 12 na lafiyar batir. Layin farko kan ɓace in batir ya rasa wajen kashi 15 cikin 100, kowane na bayansa wajen kashi 6. In motar 2012 tana da layi 8, abin da ya rage bai wuce kashi 60 zuwa 66 ba, wato tafiyar kilomita 70 da ƴan kai. A kunna na'urar sanyi, a ɗora dilar atamfa biyu da mutum uku, a hau hanya mai yashi, za ta iya saukowa kusan 60. Wannan ya isa zirga-zirgar cikin gari, ya isa Damagaram zuwa Mirya da dawowa. Bai isa Maraɗi zuwa Tasawa ba, balle Yamai zuwa Doso mai kusan kilomita 140. Kuma a ƙarƙashin ranarmu, baɗi layin zai sake raguwa.

Wani zai ce sai a canza batir. A 2014 Nissan ya sa wa sabon batir mai kilowat 24 dalar Amurka 5,499, wato kusan sefa miliyan 3 a lokacin, ban da kuɗin aiki. Nauyinsa kusan kilo 300 ne. A ɗora kuɗin jirgin ruwa, da na babbar mota daga gaɓar teku, da na duwan, za a ga batir ya fi motar tsada. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san ta zubar da ruwa. Abin gudu shi ne a sayar wa mutum rariya da sunan ƙwarya.

Sauran motocin da za a iya kawo mana

Daga Faransa, wadda aka fi samu ita ce Renault Zoe. Ta fito da batir mai kilowat 22 a 2013, aka mai da shi 41 a ƙarshen 2016, sannan 52 a 2019, aka daina ƙera ta a 2024. Tana da abubuwa biyu na lura. A shekarun farko an riƙa sayar da motar ban da batir, shi batir ɗin haya ne da ake biya wata-wata, saboda haka a nemi takardar da ta nuna an fanshe shi. Na biyu, Zoe ba ta karɓar caji in gidan ba shi da wayar ƙasa mai kyau, abin da gidajenmu da shagunanmu da yawa ba su da shi.

Daga Amurka akwai Chevrolet Bolt, wadda ake sanyaya batir ɗinta da ruwa. A 2021 kamfanin General Motors ya kira dukkan motocin 2017 zuwa 2022 don gyara, saboda wasu sun kama wuta, kuma da yawa an sa masu sabon batir. A wannan shekarar Hyundai ma ya canza batir ɗin dubban motocin Kona saboda irin wannan matsala. A nan shekarar mota daban, shekarar batir daban: Bolt ta 2017 da aka sa wa sabon batir a 2022 ta fi wadda ba a taɓa ba. Wadda ba ta da shaidar gyara kuwa, kada a kwana da ita kusa da rumbun kaya.

Daga Sin, kamfanin BYD ya fito a 2020 da batir ɗin da ya kira Blade, na wani haɗi da ake wa laƙabi da LFP. Tesla ma ya fara sa irinsa a wasu motocin Model 3 daga ƙarshen 2020. Wannan haɗi ya fi jure zafi, ya fi jure a cika shi maƙil, kuma bai cika kama wuta ba, ko da yake ya fi nauyi. Ga ƙasa irin tamu, mota mai LFP ko mai sanyaya batir da ruwa ita ce ta fi dacewa. Sai dai motar da aka ƙera don kasuwar cikin Sin tana da bakin caji na daban, allon gabanta kuma sau da yawa rubutun Sinanci ne.

Abin da mai saye zai yi kafin ya biya

Da farko, kada a yi cinikin biri a sama. Hoton WhatsApp ba ya nuna lafiyar batir. A nemi hoton allon gaban direba motar na kunne, a ƙirga layukan.

Na biyu, a tabbatar da shekara. Motar da aka ƙera don Amurka tana da lambar jiki mai harufa da alƙaluma 17, kuma na goma shi ke faɗin shekara: B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, J 2018, K 2019, L 2020. Bakin dillali zai iya ƙara wa mota shekara biyu, lambar ba za ta ƙara ba.

Na uku, a auna. Akwai ƴar na'ura da makanikai ke jonawa ƙarƙashin sitiyari don karanta kwamfutar mota. Ga Leaf, in an haɗa ta da manhajar waya mai suna Leaf Spy, za ta nuna wata lamba da ake rubutawa SOH, ita ce lafiyar batir cikin ɗari. A shawarata, motar da za ta zauna a Tawa ko Damagaram, in ta kasa 80, a rage kuɗi sosai. In ta kasa 70, a bar ta.

Na huɗu, a gwada a hanya, domin akwai masu goge ƙwaƙwalwar kwamfutar batir ta koma nuna layi 12 na ƴan makonni. A cika batir, a kunna na'urar sanyi, a yi kilomita 30, a ga kashi nawa ya tafi. In ya ci rabi, to motar ta kilomita 60 ce, ko me takarda ta ce. Gani ya kori ji.

Na biyar, a duba asalinta. Motar da ta yi haɗari ko ruwan ambaliya ya shanye aka yi gwanjonta, batir ɗinta abin tsoro ne. Ta Japan sitiyarinta a dama yake. Ta Amurka kuma wayar cajinta sau da yawa ta wuta mai ƙarfin 120 ce, tamu kuwa 220 ce.

Wuta da riba

A soket ɗin gida, batir mai kilowat 24 na ɗaukar awa 10 zuwa 12 kafin ya cika, mai 40 kusan awa 20. Wannan na son waya mai kauri da mita mai ƙarfi, ba irin jone-jonen da muke yi a kasuwa ba, waɗanda tun ba mota ba ma suke jawo mana gobara. Ba mu manta da watan Agusta 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta har zuwa farkon 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30, da aka fara aiki da ita a 2023, ta taimaka wa Yamai, amma kowa ya san yadda wuta ke yi a bazara, lokacin da batir ya fi wahala. Mai faifan rana da yawa a rufin gidansa, wanda motarsa ke tsaye a inuwa da rana, shi ya fi kowa dacewa da irin wannan mota.

Ribar kuwa gaskiya ce. Ƙaramar mota mai shan lita 8 a kilomita 100 na cin kusan jika 4 a kuɗin lita na 2024. Ta lantarki na son wajen kilowat 18 daga soket. In muka ɗauka kilowat ɗaya sefa 100 ne, ba ta kai jika 2 ba. Hajiyar da ke yin kilomita 30 a rana tsakanin gida, makarantar yara da kasuwa za ta ajiye wajen jika 20 a wata. Kuɗi ne, amma sai ta yi fiye da shekara goma tana tarawa kafin su sayi sabon batir. Shi ya sa duk ribar ta rataya a kan batir ɗin da aka sayo da motar.

Kira ga hukuma da ƴan kasuwa

Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai a 2024, amma ita tana da manyan madatsun ruwa masu ba ta wuta da araha. Tarayyar Turai kuma ta yi doka a 2023 da ta tanadi cewa daga 2027 kowane batir ɗin mota zai zo da takardar shaidar tarihinsa. Mu abin da za mu iya tun yau shi ne hukumar duwan ta buƙaci shaidar lafiyar batir kafin motar lantarki ta hannu ta shigo, a kuma sa iyakar da ba za a karɓi ƙasa da ita ba. In ba haka ba, garejinmu za su cika da motoci masu kyan jiki da ba sa motsi, da matattun batura da ba mu da wurin zubarwa.

Makarantun koyon sana'a su ma su fara horar da makanikai. Batir ɗin mota na ɗauke da wuta mai ƙarfin kusan 400, wayoyinsa masu launin lemo ne, kuma yaron gareji da ya sa sifana a kansu bai sani ba zai iya rasa ransa. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na dillalan motoci kuma su sayi na'urar awo su ajiye a wurin ciniki, yadda ake ajiye sikeli.

Shi dai Alhaji ya nemi hoton allon. Layi 7 suka rage. Ya ce wa dillali ya nemo masa ta 2019 ko wadda ake sanyaya da ruwa, in ta samu a auna ta a gabansa, in ba ta samu ba yana nan da tsohuwar motarsa. Duk wanda aka turo wa irin wannan hoto, namiji ko mace, ya yi irin tambayar da ya yi.

Allah ya ba mu ciniki mai albarka, ya kare mana dukiyarmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.